Wai maganin kito ɗin nan da ake talla yana rage tumbi da suga kuwa, ko cin kuɗi ne kawai?

Ɗan_Kwari44:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka min da shawara kafin na zubar da kuɗina. Ni ɗan kasuwa ne, shekaruna 44, wuni nake a zaune a shago, da safe shayi da burodi, da rana shinkafa da wake ko taliya da lemo mai sanyi, da dare tuwo malmala biyu wani lokacin har da ƙari, to kun san sauran, tumbi ya fito har ɗaura igiyar takalmi sai na yi nishi. Kwanaki na je awo aka ce sugana na safe kafin na ci komai 118 ne, likitan ya ce ban kai ga ciwon suga ba amma ina bakin ƙofa, wai na rage ƙiba na riƙa motsa jiki, ya sallame ni saboda layi ya yi yawa ban samu na yi masa tambaya ba.

To akwai wata baiwar Allah da madam ke bibiya a WhatsApp, tana sayar da wani kafso da garin kofi wai su kito ne, an rubuta BHB a jikin robar, ta ce in kana sha kiton zai cika maka jini ya narkar da kitse ko ba ka daina cin komai ba, kuma yana saukar da suga, saitin wata ɗaya N35,000. Ta turo hotunan mutane kafin da bayan sun sha kala-kala. Wani maƙwabcina a layinmu kuma ya ce duk ƙarya ne, kito abinci ne ba magani ba, sai ka bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya ka koma nama da ƙwai da mai. Ni yanzu kaina ya ɗaure. Wanne ne gaskiya? Sannan Hajiyarmu ita tana da ciwon sugan sosai, ta jima tana shan Daonil da metformin, ina tunanin in abin na da kyau na saya mana tare ko kuma a sa ta a tsarin abincin. Allah ya saka da alheri.

Maman_Hanifa:

Wa alaikumussalam Alhaji. Ni dai na yi kito amma na abinci ba na roba ba, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka. Bayan na yaye yarona na uku jikina ya ƙi komawa gwiwa ta fara damuna, sai wata ƙawata ta jefa ni a wani guruf na mata masu yi. Dokar ita ce ka yanke sitaci da suga kusan duka, ba shinkafa ba tuwo ba taliya ba burodi ba doya ba dankali, fura da kunu da koko su ma sai dai ka gani a hannun wasu, hatta ayaba da mangwaro an hana, a wuni kada sitacin da zai shiga cikinka ya wuce giram 20 zuwa 50, kuma fa kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kaɗai ya kai wajen giram 45, ka ga ke nan rabin filet ɗin mai abinci ya gama maka lissafin ranar.

Abin da nake ci shi ne ƙwai, kifi, nama, awara, kwaɗon zogale da ƙuli wanda ba a sa suga ba, alayyahu, kabeji, yalo, sai miyar kuka ko kuɓewa ko agushi. In kwaɗayin tuwo ya taso sai na yi tuwon kabeji, a markaɗa kabejin a juye a ƙyalle mai tsabta a matse shi sosai ruwan ya fita, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan a barbaɗa garin siliyom ɗin nan da ake samu a manyan kantuna a tuƙa har ya haɗe, kabeji guda babba da ƙyar yake ba ka malmala ɗaya, ga shi kore-kore yana sheƙi. Maigidana kallo ɗaya ya yi masa ya ce a kawo masa nasa na masara shi bai yi wa kowa laifi ba.

Satin farko wallahi na ji jiki, ciwon kai, jiri, kasala, ƙafa tana ɗaure min da dare, ga bayan gida ya yi tauri, bakina kuma wani irin wari yake ko na yi burushi. Bayan nan sai jiki ya saba, yunwa ta ragu sosai, wannan kam gaskiya ne, sai na kai azahar ban nemi komai ba, kuma na rame har zobena ya fara juyawa a yatsa. Amma riƙe shi a gidan Bahaushe aiki ne, tukunya biyu kullum, ga tsadar ƙwai da kifi, ga biki ga suna, ka je gidan surukai a ajiye maka waina da miyar taushe ka ce ba ka ci a ce kana wulaƙanci. Sallah ce ta kawo ƙarshen nawa, kuma da na koma cin komai wajen rabin abin da na zubar ya dawo. Lemo da shayi mai suga ne kawai ban koma musu ba har yau.

MaiFamasi_Zariya:

Alhaji riƙe kuɗinka tukuna, bari na yi maka bayani ko da zai ɗan yi tsawo, don kullum sai an shigo min shago da irin robar nan ana tambaya.

Kiton ba wani magani ba ne da Turawa suka gano, hantarka ce take yin sa da kanta. Jiki ya fi son aiki da sugan da yake samu daga sitaci, kuma yana ɗan ajiye wani a hanta da tsoka. In ka daina ba shi sitaci na kwana biyu zuwa huɗu, ko ka yi doguwar yunwa, ajiyar nan sai ta ƙare, insulin, sinadarin da ke sarrafa suga a jini, ya sauka, kitsen jiki ya fara fitowa, hanta ta juya shi ya zama kiton, ƙwaƙwalwa da tsoka su ci gaba da aiki da shi. Kala uku ne, BHB ɗin da ka gani a robar shi ne mafi yawa a jini, wani kuma ta numfashi yake fita, shi ne warin da Maman Hanifa ta ji, ɗan'uwan ruwan nan ne da mata ke goge fentin farce da shi. To ka ga kiton a jini alama ce ta cewa an riga an ƙona kitse. Wanda ya sayo shi a roba ya sha yana nan yana cin tuwonsa malmala biyu, kamar mutumin da ya sayo hayaƙi a leda ne ya saki a kicin ya ce an yi girki. Ƙari ma, in ka zuba wa jiki kiton daga waje shi zai fara amfani da shi ya ɗan dakatar da fitar da kitsenka, don ya samu na banza. Yana iya ɗan saukar da suga ko ya rage yunwa na 'yan awoyi, daga nan ya wuce, ba abin da zai warkar maka da komai ba ne.

Dabarar da masu sayarwa ke yi ita ce su ba ka ɗan tsinken gwajin fitsari, ka sha garin ka gwada ka ga ya canza kala ya yi ja-ja, su ce ka gani ya fara aiki. Abin da ka sha ne ya fito, shi ke nan. Kuma yawancinsu BHB ɗin a haɗe yake da gishiri, mai hawan jini ko matsalar ƙoda ba abin wasansa ba ne.

Akwai na gaske mai ƙarfi da aka yi bincike a kai, wanda Farfesa Kieran Clarke ta jami'ar Oxford da Richard Veech a Amurka suka haɗa, da kuɗin sojojin Amurka ma aka fara aikin don ana neman abin da zai ƙara wa soja juriya, daga baya 'yan tseren keke na Tour de France suka riƙa sha. Wannan ruwa ne mai ɗaci mai shegen tsada, don wasanni ake ta gardama a kansa ba don tumbi ba, kuma ba shi ne ake kawo muku a WhatsApp ba. Sai wani kuma da ake rubuta Raspberry Ketone a jiki, shi wannan sinadarin ƙamshin wani ɗan itace ne, ba ruwansa da kiton ɗin hanta, a 2012 wani likitan talabijin a Amurka Dr. Oz ya tallata shi kasuwarsa ta buɗe, alhali yawancin gwajin da aka yi a kan ɓeraye ne. Hotunan kafin da bayan nan kuma kada su ruɗe ka, ko Oprah Winfrey, shahararriyar mai shirin talabijin ɗin nan ta Amurka, sai da ta fito a 2022 ta ce 'yan damfara na amfani da sunanta da hotonta suna sayar da alawar rage ƙiba ita ba ta san da su ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ba a rubuta a jikin robar ba. An sha kama kofi da shayin rage ƙiba a ƙasashe da dama an zuba musu sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In ka ji mai sha yana cewa abin na aiki sosai, ba ya jin yunwa, amma bacci ya ƙaurace masa, maƙogwaro na bushewa, gabansa na faɗuwa, to a binciki abin. Ka duba lambar NAFDAC, ka shiga Greenbook ɗinsu a intanet ka ga ko lambar ta kayan ce da gaske, kuma ko da ta gaske ce, a irin waɗannan kayan na ƙarin abinci lambar ba shaida ba ce cewa yana maganin abin da aka ce, ka juya robar za ka ga ƙaramin rubutu da Turanci yana cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba.

Sista_Dare:

Ni maganar Hajiya ce ta sa na tsaya na yi rubutu. Yaya dan girman Allah kada ka taɓa abincinta haka kawai ba tare da likitanta ya sani ba. Daonil aikinsa shi ne ya tilasta wa jiki fitar da insulin, ko ta ci ko ba ta ci ba shi sai ya yi aikinsa, to ka ɗauke mata tuwo da koko rana ɗaya tana nan tana haɗiyar ƙwayar yadda ta saba, sugan zai faɗi ƙasa warwas. Mun sha karɓar tsofaffi cikin dare haka, an kawo su a sume jiki sharkaf da zufa, 'yan'uwa na cewa iska ce ko shanyewar jiki, wasu har an tsaya yi musu hayaƙi a gida, a ɗiga jini a na'ura a ga 40, a sa ruwan suga ta jijiya ka ga tsohuwa ta buɗe ido tana tambayar ina ɗankwalinta. Ba kowa ke tashi haka ba fa, in an makara ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa.

Ku riƙe wannan a gida, in sugan ya yi ƙasa da 70 ko kuka ga tana rawar jiki da zufa da magana ba kan gado, in tana iya haɗiya a jiƙa mata suga ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa ko rabin kwalbar lemo, bayan minti 15 a sake gwadawa, in ta suma kada a ɗura mata komai a baki sai asibiti. Kuma mai shan Daonil ko ta farfaɗo a kai ta a duba, don maganin yana daɗewa a jikin tsofaffi sugan na iya sake faɗuwa.

Akwai kuma sababbin magungunan suga irin su Jardiance da Forxiga masu fitar da suga ta fitsari, su da kito ba sa haɗuwa ko kaɗan, kiton na iya taruwa ya yi yawa har jini ya yi tsami alhali na'ura na nuna suga lafiya lau, tun 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka. Mai lafiya da ke kito nasa kiton yana tsayawa wajen 0.5 zuwa 3 ne, insulin ɗinsa na taka masa burki, amma wanda jikinsa ba ya yin insulin, irin yaran nan masu allura kullum, ba burki, sai amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda ko hanta su ma su bar shi.

Baba_Manomi:

Ikon Allah. Yanzu tuwo ne ya zama abokin gaba? Mahaifina fura yake sha safe da rana tuwon dawa da dare har ya haura tamanin bai san wani awon suga ba. Amma fa da ƙafa yake zuwa gona ya wuni a duƙe da fartanya, matan gida su yi surfe su yi daka su jawo ruwa a rijiya. Ku kuma daga mota sai kujera sai lemo kwalba biyu, yaro ma ake aika ya sayo abin da ke tsallaken titi. Ɗana ka rage malmala ɗaya ka taka zuwa masallacin da ya fi nisa, ka ba ni dubu 35 ɗin na sayi taki.

Ɗalibi_a_Ingila:

Baba ya ba ni dariya amma bincike na goyon bayansa. Shi tsarin kito asalinsa ma ba don ƙiba aka yi shi ba, a 1921 wani likita Russell Wilder a asibitin Mayo na Amurka ya tsara shi don masu farfaɗiya, saboda an daɗe da lura cewa yunwa na rage musu faɗuwa, sai aka nemi abincin da zai sa jiki ya yi kamar yana azumi ba tare da an daina ci ba, kuma har gobe ana amfani da shi ga yaran da magani ya ƙi yi musu aiki, amma a ƙarƙashin asibiti ana auna komai a sikeli.

Batun ƙiba kuma, saurin ramar da ake gani a satin farko yawanci ruwa ne, don kowane giram na sugan da jiki ya ajiye yana riƙe da ruwa wajen giram 3, in ajiyar ta ƙare ruwan ya bi fitsari, gishirin jiki ma ya bi shi, shi ne jiri da ciwon kan da Anti Maman Hanifa ta yi fama da su. A jami'ar Stanford an raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage sitaci wasu suka rage mai, aka bi su shekara guda, sakamakon ya fito a 2018, masu rage sitaci sun zubar da wajen kilo 6 masu rage mai wajen kilo 5, bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma a kowane ɓangare akwai wanda ya rame sosai akwai wanda ya ƙara ƙiba ma. Wanda ya fi dacewa da kai Alhaji shi ne babban binciken da aka yi a Amurka kan masu irin lambarka, 'yan bakin ƙofa, ya fito a 2002, waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma yi tafiya minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100, ya fi na waɗanda aka ba metformin da ya tsaya a 31. In kilo 90 kake ka ga kilo 6 da ɗan wani abu ake magana, ba sai ka koma kamar sanda ba.

Ban ce kito ba ya aiki ba fa, rage sitaci na saukar da suga da gaske, ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ma ta yarda da shi a 2019 a cikin hanyoyin da ake bi. Sai dai wasu in suka dage da man shanu da kitsen nama da soye-soye kolestarol ɗinsu mara kyau yana tashi sosai, don haka mai son yi ya auna kafin ya fara ya sake aunawa bayan wata uku.

Ɗan_Kwari44:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Sista kin tsorata ni wallahi, Hajiya kam sai ranar asibitinta zan bi ta na tambayi likitan da kaina. Baba taki sai damina in Allah ya kai mu. To Malam mai famasi, madam ta ce a canza min zuwa tuwon alkama ko acha, a sa min zuma a shayi maimakon suga, ga kuma khal da hulba da girfa da wani mai maganin Islamiyya ya ce na riƙa sha, su fa? Kuma azumin Litinin da Alhamis zai taimaka?

MaiFamasi_Zariya:

Alkama da acha duk sitaci ne Alhaji, mutane na cika kwano da su suna cewa ai na masu suga ne, sai a zo awo a ga lamba ta tashi a yi ta mamaki. In alkamar da dusarta aka niƙa ta ɗan fi, amma girman malmalar shi ne magana. Zuma kuwa a wajen jininka ita da suga duk kanwar ja ce, dabino ma haka in ka zauna ka ci cikin hannu. Khal da girfa da hulba akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna suna ɗan taɓa suga kaɗan, ba laifi a abinci, amma khal a tsarma shi da ruwa sosai don yana cin haƙori kuma mai olsa ya kiyaye, kuma kada a haɗa wa Hajiya su a kan Daonil ba a faɗa wa likita ba.

Da ni ne kai da lemon rana zan fara, kwalba ɗaya ta 35cl tana ɗauke da suga wajen giram 37, kusan ƙaramin cokali tara ke nan, ka mayar da shi ruwa ko zoɓon da ba a sa suga ba. Shayin safe a bar suga da madarar gwangwani mai zaƙi, burodin a rage a ƙara ƙwai ko ƙosai, da rana wake ya fi shinkafar yawa a filet a sa kabeji ko zogale, da dare malmala ɗaya miya da yawa, bayan ka ci ka ɗan zaga unguwa ko minti goma sha biyar ne kafin ka kwanta. Azumi yana taimakawa in ba a rama cin da aka bari lokacin shan ruwa ba, don wani in an kira magariba kunu kofi biyu da ƙosai da soyayyen dankali da lemo yake haɗawa kafin ma a kawo tuwo.

Ka samu tef ɗin tela ka auna cikinka daidai saitin cibiya, ana so kada ya kai rabin tsayinka, ka rubuta a bayan littafin shago da kwanan wata. Bayan wata uku ka koma ka ce a yi maka gwajin HbA1c ba na yatsa kawai ba, shi yana nuna yadda sugan ya kasance a watannin da suka wuce gaba ɗaya, daga 5.7 zuwa 6.4 bakin ƙofar ne, 6.5 zuwa sama an shiga, kuma shi ba sai ka je da yunwa ba.